Darasi na 14: Canza Sandunan Waifa a Tsohuwar Mota

A wannan darasi za mu koyi yadda ake gane cewa sandunan waifa ne suka lalace, da yadda ake cire su a sa wasu ba tare da an fasa gilashi ko an ƙona injin waifar ba. Aiki ne da direba mai natsuwa zai iya yi a ƙofar gidansa, da sifana biyu ko uku, ya fara da hantsi ya gama kafin azahar. Ba ƙarfi yake so ba, bin tsari yake so. Wanda ya tsallake mataki ɗaya, musamman wanda za mu daɗe a kansa can gaba, sai ya sake kwance abin da ya ɗaura.

Abin da ke cin waifa a Katsina

Ruwan sama a birnin Katsina bai cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba, kuma a Agusta ya fi ƙarfi. Sauran watannin waifa tana kwance ne, ba mai tuna ta. Mutum zai ɗauka hutun nan alheri ne gare ta, amma a lokacin ne take mutuwa. Ƙurar hunturu tana shiga ta ƙasan gilashi ta cakuɗe da giris ɗin da ke gaɓoɓin sandunan, sai ya zama kamar garin samfefa, yana cin duk abin da ya goga. Zafin bazara, wanda a watan Afrilu yakan kai digiri 40, yana busar da roba har ta yi tauri ta tsage. Sannan ga ɗabi'ar direbobi: a tashi da safe a tarar ƙura ta lulluɓe gilashi, tankin ruwan waifa kuma babu ko ɗigo, sai a kunna waifa a kan busasshen gilashi. Robar tana karce gilashin, injin yana nishi, sandunan suna ɗaukar nauyin da ba don shi aka ƙera su ba.

Ku ƙara da shekarun motocin. Golf 3 da ke jigilar fasinja daga Katsina zuwa Jibiya ko Daura ko Dutsin-Ma an fara ƙera ta ne a 1991, kuma mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara ashirin da biyar. Fijo 504 da kamfanin PAN na Kaduna ya yi shekaru yana harhaɗawa daga 1975 kafin ya daina, har yanzu ana ganinta a hanyoyin ƙauye. Injin irin waɗannan motoci an sha sauke shi an gyara, an canza tayoyi ba adadi, amma da wuya a sami wanda ya taɓa ɗaga murfin da ke ƙasan gilashi ya leƙa. Sai ranar da hadari ya taso, mota tana tsakiyar hanyar Kano cike da mutane, a murɗa makunni a ji shiru, ko a ga hannu ɗaya yana aiki ɗaya ya tsaya cak. Jami'an kiyaye haɗurra da na VIO suna duba waifa idan sun tsayar da mota, amma tara ba ita ce babban abin tsoro ba. Direban da ke leƙo kansa ta taga yana goge gilashi da tsumma a cikin ruwa, ran mutum shida ko bakwai yake wasa da shi.

Yadda abin yake aiki

A 1903 wata mata a Amurka mai suna Mary Anderson ta yi rajistar na'urar goge gilashi da direba ke juyawa da hannu daga cikin mota. Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da mai injin lantarki a 1926. Tun daga nan tsarin bai canza sosai ba, shi ya sa abin da za ku koya a kan Golf zai yi muku amfani a kan Toyota ko Honda.

Sassa huɗu ne. Akwai injin waifa, ƙaramin injin lantarki mai aiki da wutar batir, wanda a cikinsa akwai giya da ke rage gudunsa ta ƙara masa ƙarfi. A bakin injin an ɗaure wani ɗan gajeren ƙarfe da noti, za mu kira shi ɗan hannu. Shi kewayawa yake yi, ba ya komawa baya. Daga ɗan hannun sai sanduna, galibi biyu, waɗanda kanikawa ke ce wa linkej. Sandunan suna tura shaf guda biyu, wato ƙarafan da suka leƙo waje a ƙasan gilashi, inda ake ɗaure dogayen hannuwan waifa. Wanda ya taɓa sunkuyawa ya kalli ƙarƙashin keken ɗinki ya riga ya gane dabarar. A keke, tela yana taka feda sama da ƙasa, wata sanda tana mayar da wannan motsi ya zama juyawar babbar ƙafa. A waifa akasin haka ne: inji yana juyawa, sanda tana mayar da juyawar ta zama kai da komowa.

A kowane bakin sanda akwai ƙoƙon roba, wato bushin, wanda ke kama wani dunƙulen ƙarfe mai kamar ƙwallo. Wannan bushin shi ne raunin tsarin gaba ɗaya. Idan ya cinye, sanda takan fara ƙwanƙwasa, daga baya ta fice daga mazauninta ta faɗi.

Abu na ƙarshe da ya kamata a riƙe shi ne cewa cikin injin akwai wani makunni na ɓoye. Shi ne ke sa ko an kashe waifa tana tsakiyar gilashi, ba ta tsayawa a nan, sai ta ƙarasa ta kwanta. Wurin da injin ke tsayawa da kansa za mu kira shi makwanci.

A fara da kunne kafin sifana

Sau da yawa yaron gareji yakan zo ya ce, "Oga, waifa ta mutu, sai an canza inji." Tambayar da maigidan kirki zai yi masa ita ce, "Ka saurara kuwa?" A kashe rediyo, a murɗa makulli ba tare da an tayar da mota ba, a kunna waifa, a kasa kunne kusa da ƙasan gilashi.

Idan ba a ji komai ba, matsalar ta wuta ce: fiyus, ko makunni, ko wayar da ta saki, ko injin kansa. A duba fiyus tukuna, in ba shi ba ne a kira mai gyaran wayarin mota. Galibi sanduna ba su da laifi a nan.

Idan ana jin injin yana juyawa sumul amma ba hannun da ya motsa, to sanda ta fice daga ɗan hannu, ko notin ɗan hannun ya saki. Idan hannu ɗaya yana aiki ɗaya ya tsaya, kada a yi saurin kwance komai. A cire hular robar da ke gindin hannun da ya tsaya, a kalli kan shaf ɗin. In yana juyawa hannun kuma bai bi shi ba, noti ne ya saki, ko ƙananan haƙoran da ke cikin gindin hannun sun cinye, domin hannun yawanci da sanholo ake yin gindinsa, shaf kuwa ƙarfe ne mai tauri. Wannan gyaran minti biyar ne, ko a ɗaure noti ko a sayi hannu. In kuwa shaf ɗin ma a tsaye yake, sandarsa ce ta faɗi.

Akwai kuma waifar da ke tafiya da ƙyar, tana tsayawa a hanya, tana yawan ƙona fiyus. Galibi shaf ne ya cije a cikin gidansa saboda tsatsa da ƙura. Wasu sukan sa fiyus mafi girma, ko su naɗa waya a madadinsa. Wannan kuskure ne babba, domin fiyus ɗin injin yake karewa, in an hana shi yankewa injin ne zai ƙone, wani lokaci har da wayoyin mota. Alama ta ƙarshe ita ce waifar da ke wuce iyaka, tana dukan gefen gilashi ko murfin ƙasa, kuma in an kama hannunta an girgiza sai a ji yana lilo. Bushin ne ya kusa ƙarewa.

Sayen kaya

Kada a je kasuwa sai an ciro tsohon, a tafi da shi a hannu. Masu sayar da kayan gyara a Katsina suna da sabo da kuma na hannu, wanda ake cewa ɗan Beljiyam. Abin da ya gagara a nan akan aika Kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. A ajiye tsoho da sabo gefe da gefe a kan tebur, a gwada tsawon sanduna, da tazarar shaf biyun, da ramukan noti. Sannan a kula da wani tarko. Tun 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarin motocinmu kuma yana hagu. Sandunan da aka ciro daga motar Ingila ko Japan mai sitiyari a dama juyayyu ne, da ido sun yi kama da namu, amma ba za su zauna ba. Ɗan Beljiyam mai kyau ya fi sabo maras inganci, da sharaɗin a juya shaf ɗinsa da hannu a ji yana tafiya ba cijewa, a kuma girgiza kowace gaɓa a ji ba ta lilo.

Ba kullum ne sai an sayi duka ba. In bushin ɗaya ne ya cinye kuma an sami irinsa, a jiƙa sabon a ruwan zafi ya yi laushi, a danna shi da filaya. Ɗaure sanda da waya ko da robar tayar keke, wanda ake yi a bakin hanya, yana iya kai mutum gida, iyakarsa ke nan.

Kayan aikin ba su da yawa: sifana mai lamba 10 da 13, a motocin Japan sau da yawa da 14, sai sukundireba mai faɗin baki, filaya, salatif na takarda, giris mai tsabta, man fesawa mai sassauta tsatsa irin su WD-40, da kwali ko tsohon bargo.

Cirewa

A jiƙa gilashi, a kunna waifa in tana motsi, a kashe ta da makunninta a bari ta kwanta da kanta, sannan a zare makulli. A manna salatif a kan gilashi daidai inda bakin kowace roba ya kwanta. Daga nan a kwance wayar batir ta ɓangaren da ke da alamar ragi. Kada a raina wannan. Injin waifa ƙarami ne amma yana da ƙarfin da zai murƙushe yatsa, kuma saboda makunnin nan na ɓoye yana iya zabura in an taɓa ɗan hannu alhali da wuta a jikinsa.

A shimfiɗa kwali a kan gilashi. Hannun waifa yana da sifirin mai ƙarfi, in ya kuɓuce ya faɗo, musamman babu roba a bakinsa, gilashin ya tafi, kuma kuɗin gilashi ya ninka na sanduna sau da yawa. A cire hular roba, a kwance noti. Hannun ba zai fito nan take ba, don bakin shaf ɗin tsukakke ne daga sama, shekaru kuma sun manne su. A fesa mai, a jira kaɗan, a ɗaga hannun ya miƙe a gaɓarsa, a riƙe gindin ana girgiza shi a hankali ana ja sama. Kada a dogara sukundireba a kan gilashi a ce za a ɓanɓaro shi. A sa wa hannun ɓangaren direba alama, domin a motoci da yawa tsawon biyun da lanƙwasarsu ba ɗaya ba ne.

A buɗe bonet, a zare doguwar robar da ke bakin murfin, a cire murfin. Maƙallansa na roba rana ta gama gasa su, a bi su da lallami, in akwai tiyon ruwan waifa a jiki a zare shi. Abin da za a tarar a ƙarƙashi yakan ba da mamaki: busasshen ganyen dogonyaro, yashi, ledar ruwa, wani lokaci har sheƙar ɓera. A kwashe duka, a zuba ruwa kofi ɗaya a gani ko yana fita ta ƙasan mota. In ramukan fitar ruwa sun toshe, ruwan damina yakan taru a nan ya jiƙa injin waifa ya kwarara cikin mota, kuma a Golf 3 akwatin kwamfutar injin mota ma a wannan kwarin yake zaune.

Kafin a taɓa ko noti ɗaya, a ɗauki hoto da waya, daga sama da kuma daga gefe, yadda za a ga inda ɗan hannu ya fuskanta. A zare soket ɗin wuta, a kwance notocin da ke riƙe da firam ɗin da sanduna da shaf suke a kai, yawanci uku ne, a karkato shi a fito da shi gaba ɗaya da injinsa. A wasu tsofaffin motocin Japan injin a ɓangaren injin mota ake ɗaure shi, sandunan kuma suna cikin kwarin. A nan sai a ɓalle sanda daga ɗan hannu da sukundireba, a ciro su daban.

In shaf ne kawai ya cije, ana iya ceto shi. A cire ɗan zoben da ke riƙe da shi, a lura da jerin wasoshinsa, a buga shi ya fita da guntun katako, kada a sa guduma kai tsaye a kan zaren noti. A goge tsatsar da samfefa mai laushi, a wanke gidan, a shafa giris, a mayar. Baƙin mai ba ya wannan aiki, tsiyayewa yake yi ya bar ƙura a manne.

Makwancin inji

Nan ne aikin yake lalacewa a hannun masu gaggawa, don haka a karanta wannan sashe sau biyu.

Sababbin sanduna sukan zo babu inji, sai an ɗauke tsohon an mayar a kansu. A riƙe ɗan hannu da sifana ɗaya don kada ya juya, a kwance notinsa da ɗaya, a cire shi, sannan a kwance notoci ukun da ke riƙe da injin. Yanzu injin yana hannu shi kaɗai, kuma ba wanda ya san ko a makwancinsa yake, musamman in waifar a tsakiyar gilashi ta mutu. Ba a ganewa da ido. Sai an tambayi injin da kansa: a jona soket ɗinsa, a mayar da wayar batir, a ajiye shi inda ba zai taɓa komai ba, a murɗa makulli, a kunna waifa ya yi juyi biyu ko uku, sannan a kashe da makunnin waifa, ba da makulli ba. Zai ci gaba kaɗan ya tsaya da kansa. Wannan shi ne makwanci. In injin bai juya ba alhali lafiyarsa ƙalau, wataƙila irin wanda wutarsa ke komawa batir ta jikinsa ne, sai a haɗa jikinsa da ƙarfen mota da guntun waya. A zare makulli, a sake cire batir, kada kuma a bari bakin injin ya juya daga nan.

A ɗaure injin a kan sabon firam. A tura sandunan zuwa matsayin da waifa take kwance, a ɗora ɗan hannu kamar yadda yake a hoto, in waifar a kwance take lokacin da aka ɗauke shi. A yawancin motoci, ɗan hannu da sandar da ke haɗe da shi suna kwanciya ne a layi ɗaya madaidaici. Sai dai layi ɗaya fuska biyu gare shi: ɗan hannun yana iya miƙewa gaba da sandar, yana kuma iya naɗewa a ƙarƙashinta. In an juya shi baibai, da an kunna waifa maimakon ta tashi sama sai ta nutsa ƙasa ta daki murfi, ta lanƙwasa sabuwar sanda ko ta cinye haƙoran hannu. In kuwa kaɗan aka kauce, za a ga waifa ta sauko ta kwanta, sannan ta ɗan ɗago kafin ta tsaya. A riƙe ɗan hannun da sifana yayin ɗaure notinsa, a shafa giris a kowane bushin, a danna shi har a ji ya shige.

Mayarwa da gwaji

A mayar da firam ɗin, a fara kama duk notocin da hannu kafin a ɗaure ko ɗaya, a tabbata robobin da ke ƙarƙashinsu suna nan, kuma babu wayar da ke kan hanyar sanda. A jona soket, a mayar da batir. Kada a sa hannuwan waifa tukuna. A manna guntun salatif a kan kowane shaf ya zama kamar tuta, a janye hannu daga kwarin, a kunna. Tutocin biyu su tashi tare zuwa ɓangaren da waifa ke tashi, su dawo, su tsaya inda suka fara. In sun fara yin ƙasa, a koma kan ɗan hannu. Gara a gane haka yanzu da babu abin da zai karye.

In komai daidai ne a mayar da murfi da tiyo da robar bonet. A ɗora hannuwan a kan alamar salatif da ke gilashi, a ɗaure noti sama-sama, a jiƙa gilashi sosai, a gwada a kowane gudu. A duba kada robar direba ta taɓa gefen gilashi, kada kuma biyun su haɗu. In ana son gyara, a sassauta a matsar da hannun kaɗan. Sannan a ɗaure sosai, amma ban da hawa kan sifana, zaren shaf ba shi da kauri.

Sauran kulawa ba ta da wuya. A riƙa zuba ruwa mai tsabta a tanki, ban da garin sabulu, yana toshe bakin feshi. In ya toshe a buɗe shi da allura. Ƙurar safe a kakkaɓe ta da tsumma ko a watsa ruwa kafin a kunna waifa. Motar da ta daɗe a ajiye a rana, a ɗaga robobinta da hannu tukuna, domin sukan manne da gilashi.

Tambayoyi da aikin gida

1. Injin waifa yana juyawa, hannun direba yana aiki, ɗayan ya tsaya. Me za ku duba kafin ku cire murfi?
2. Me ya sa ake kashe injin da makunnin waifa, ba da makulli ba, idan ana neman makwancinsa?
3. Wani ya sayo sanduna, tsawonsu daidai, amma sun ƙi zama. Mene ne zai iya zama dalili?

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya nemi izinin mai mota a unguwarsu, ya saurari waifarta, ya girgiza hannuwanta, ya rubuta abin da ya ji da abin da yake zaton ya lalace. Wanda ke da mota ko yake tuƙa ta haya, ya ɗaga murfin ƙasan gilashinta a wannan mako ya ɗauko mana hoton abin da ya tarar, kada ya jira sai hadarin farko ya haɗo.